Tayoyin da Suka Sauke Hajiya Turai

Akwai wani dillalin shanu a Agege mai suna Mahbub, wanda ya sayi jif a shekarar da sojoji suka koma bariki. Tayoyinta masu kauri ne, rim ɗinta, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, ƙarami, don haka takan ratsa laka da gargada ta kai shi rugage lafiya. A cikinta yake kai mahaifiyarsa, Hajiya Turai, asibitin ƙashi, saboda ciwon baya.

Da ya soma hulɗa da sababbin 'yan siyasa, sai ya ga motocinsu da manyan rim masu ƙyalli. Ya sa aka ɗaura masa irinsu. Girman rim yana rage wa taya kauri, siririyar taya kuwa ba ta shanye rami. Motar ta yi kyau a Ikoyi, unguwar masu kuɗi, amma a layukan Agege kowane rami sai ya doki ƙashin wanda ke ciki.

Ƙanwarsa Nazifa ta ce, "Yaya, Hajiya na cije leɓe a motar nan."

Ya ce, "Ke da ko keke ba ki da shi? Ita ta ce miki?"

Hajiya ba ta ce ba. Mahbub ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kushe abinsa. Sai ta koma hawa danfo, wato bas ɗin haya, tana gaya wa maƙwabta wai ta fi son hirar fasinjoji. Shi kuma ya yarda, domin yardar ta fi masa sauƙi.

Wata Talata da hantsi, danfo ya ja kafin ta gama sauka, ta faɗi a bakin layinsu, ƙugunta ya karye. Mahbub ya sa ta a jif, Nazifa na riƙe da ita. A ramin farko ta yi ƙarar da unguwa ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Ya rage gudu, ya lallaɓa, bai hana ba.

Ta ce, "Kai, tsaya. Sauke ni."

"Hajiya, asibiti za mu."

"Na ce ka sauke ni. Nazifa, nemo mini tasi."

A gaban jama'a aka fito da ita. Ta yi jinya, amma ba ta sake takawa ba.

Darasi: Iyaye sukan yi shiru don su rufa mana asiri, kada ka ɗauki shirunsu a matsayin lafiya. Kafin ka canza abu don burge baƙi, ka dubi wanda zai ɗauki zafinsa a gida. Ku isar da wannan ga 'ya'yanku maza.