Kabbasar Injiniya Garzali

Akwai wani bawan Allah a Bulumkutu, nan cikin Maiduguri, ana ce da shi Alhaji Garzali. Mutumin Kano ne da aiki ya kawo Borno tun yana saurayi, ya yi aure a nan, ya zauna. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin ofis, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙarfen da ya saba riƙewa bai wuce cokali da makullin mota ba.

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi. Ya shiga kallon bidiyon masu aikin ƙarfe a waya, tun yana kallo don nishaɗi har abin ya shiga ransa. Kafin wata uku ya fitar da motarsa daga gareji ya bar ta a rana. Ya cika wurin da injin walda, da injin yankan ƙarfe, da wani ɗan inji mai juya ƙarfe yana feƙe shi kamar fensir. Ya sayi baƙin gilashi da safar hannu, sannan ya tara mutanen gida ya sanar da su cewa daga yau sunansa Injiniya.

Aikinsa na farko kujera ce. Ƙafa huɗu gare ta, amma uku ne kawai ke taɓa ƙasa. Da matarsa Hajiya Yakaka ta nuna masa, sai ya ce ai simintin gidan ne bai daidaita ba.

A bakin layinsu akwai wani tsoho mai walda, Baba Dzarma, mutumin kudancin Borno. Ubansa maƙeri ne, shi kuma ya fi shekara arba'in yana ƙera ƙofofi da tagogin unguwar. Ba shi da yawan magana. Da ɗan zare yake awo, ya sa alama da farcen babban yatsa, kuma ba a taɓa dawo masa da ƙofa don ta ƙi shiga ba.

Alhaji Garzali ya raina shi ƙwarai. In ya zo wucewa sai ya tsaya ya kalli zaren, ya girgiza kai, ya ce, "Baba Dzarma, har yanzu muna nan a zamanin da?"

Tsohon yakan yi murmushi ya ce, "Muna nan, Alhaji. A gaida gida."

Ana haka sai bikin 'yarsa Lubna ya matso.

Kun san matan Borno da turaren wuta, ba a haɗa su da kowa. Hajiya Yakaka kuwa ko a cikin nasu gwana ce. Tana da wata tsohuwar kabbasa, wato kwandon nan na sanduna da ake kifewa a kan kaskon turare, a shimfiɗa tufafi a kai hayaƙi ya ratsa su a hankali. Duk ta yi baƙi saboda tsufa.

Akwai kuma wata laffaya, dogon mayafin nan da matan Borno ke naɗawa, da Yakaka ta ɓoye a ƙasan akwati. Mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ita ta yafa mata ita ranar nata bikin. Yanzu Lubna za ta yafa ta ranar wushe-wushe, taron nan da ake yi jajibirin ɗaurin aure. Ba a samun irinta a kasuwa, ko da an samu ma ba za ta zama ita ba.

Wata safiya Alhaji ya ga an fito da kabbasar ana kakkaɓe ta. Ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Wannan kwandon kajin za a fitar gaban baƙi? A gidan Injiniya?"

"Baban Lubna, da ita aka turara kayan aurenmu," in ji Yakaka.

"Shi ya sa. Ta yi ritaya, kamar ni. Ki ba ni sati guda."

Sati gudan nan unguwa ba ta huta ba. Daga hantsi zuwa la'asar ba ka jin komai sai ƙarar yankan ƙarfe. Ya haɗa wani akwati mai tsayin ƙugu. Ya jera rodi a sama inda za a shimfiɗa tufafi, ya yi tire a ƙasa na zuba garwashi, ya yi masa murfi. Har ƙwallayen ado ya feƙe ya liƙa a kusurwoyi huɗu. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa wata 'yar fanka ce mai batir da ya ɗaura ƙarƙashin tiren, don ta kora hayaƙi sama. A lissafinsa, aikin da tsohuwar kabbasa ke yi a awa guda, tasa za ta gama a minti goma.

Da ya kammala sai ya aika a kira Baba Dzarma. Ba shawara yake nema ba, so yake tsohon ya gani ya san an wuce shi.

Baba Dzarma ya zagaya akwatin sau biyu. Ya shafa waldar, ya durƙusa ya leƙa fankar, ya miƙe.

"Alhaji, aiki ya yi kyau. Rago nawa za a gasa?"

Ran Alhaji ya ɓaci nan take. "Wane irin rago? Kabbasa ce ta zamani!"

"To, ka yi haƙuri. Amma iskar nan da ka sa ƙarƙashin garwashi, ita babana ke yi da zuga-zugi in zai narka ƙarfe. Rodin nan kuma zafi zai ɗauka ya riƙe. Mata ba don rashin ƙarfe suka yi tasu da itace ba."

"Baba Dzarma, ka taɓa kallon bidiyon yadda Jamusawa ke aiki?"

"Ban taɓa ba, Alhaji. Amma na taɓa ƙonewa."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, ya raka shi bakin gareji. Tsohon bai yi fushi ba. Da ya zo fita ya tarar da Hajiya Yakaka a tsakar gida, suka gaisa, sai ya rage murya ya ce, "Hajiya, kome za a sa a abin can, a fara da wanda ba a so."

Ranar Alhamis da hantsi gida ya cika da mata, 'yan uwan Yakaka daga Limanti da Abbaganaram. Alhaji ya sa aka ciccibo akwatin zuwa tsakar gida. Ya fito sanye da baƙin gilashi, ya ce a kawo laffayar amarya.

Yakaka ta ɗauko ta, amma ba ta ba shi ba. Ta rungume laffayar a ƙirji, ta miƙa masa wani tsohon zani.

"Baban Lubna, a gwada da wannan tukuna mana."

"Tsumma? A injina? Gaban mutane?" Ya kalli matan ɗaya bayan ɗaya. "Wato kuna shakka. To, ku tsaya ku gani."

Ya shige ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta ɗaurin aure, farar shadda sabuwa dal, wadda mai ɗinki ya yi wata biyu yana mata aiki. Da hannunsa ya zuba garwashi, ya barbaɗa turare, ya shimfiɗa rigar a kan rodin, ya rufe murfi. Ya kunna fanka, ya duba agogo.

"In an gama da tawa sai ta amarya," in ji shi.

Minti biyun farko ƙamshi ya gauraye gidan, har wasu matan suka fara cewa ma sha Allah. Alhaji ya samu abin da yake so. Ya gyara tsayuwa ya shiga yi musu lacca a kan yadda iska ke tafiya a cikin ƙarfe.

Yana tsakiyar bayani sai Anti Munawwara, yayar Yakaka, ta ɗaga hanci.

"Ke Yakaka, wa ya bar shinkafa ta kama?"

"Ba a ɗora shinkafa ba, Yaya."

Duk suka juya suka kalli akwatin. Hayaƙin da ke fita ta gefen murfin ya tashi daga fari ya koma baƙi, fankar kuwa sai aikinta take yi bil haƙƙi.

Alhaji ya yi tsalle ya cafki murfin, ya manta safar hannunsa na gareji. Ihun da ya yi har bakin titi an ji. Ya saki murfin, ya shiga yarfe hannu yana zagaya tsakar gida, gilashin ya faɗi gefe. Lubna ce ta yi ta maza ta sheƙa bokitin ruwa.

Da hayaƙi ya lafa aka ɗaga rigar da muciya. Layi-layi baƙi tun daga wuya har ƙasa, kamar bayan gasasshen kifi. A tsakiyar baya kuma ga wata ƙofa da kan mutum zai shiga ba tare da ya taɓa gefe ba.

Mata suka yi ta danne dariya da bakin mayafi, Anti Munawwara dai ta kasa, har da zama a ƙasa.

Alhaji bai ji dariyar ba. Idonsa na kan laffayar da Yakaka ke rungume da ita. Ya tuna da bakinsa ya ce a kawo ta. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda, har ya manta da zafin hannun.

Da la'asar ya tafi bakin layi, yatsu naɗe da bandeji. Ya yi sallama ya tsaya a gaban tsohon.

"Baba Dzarma, na zo ne... ka faɗa, ban ji ba."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya jawo masa benci, ya duba hannun, ya tambaya, "Kayan yarinya fa?"

"Allah Ya tsare. Tawa ce ta tafi."

"To, alhamdulillahi, da sauƙi. Kuma Alhaji, waldarka ta kama, ban yi maka ƙarya ba. Abu mai kyau ka ƙera. Sunan kawai ka ba shi ba daidai ba."

Washegari tsohon ya rufe rumfarsa ya zo garejin da ɗan zarensa. Suka cire murfin, suka ɗaga rodin sama kaɗan, suka sa marikin katako. Alhaji ne ke riƙe zare, Baba Dzarma na cewa matsa nan, yana matsawa ba musu.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya fita da rigar Sallar bara. Amma rago biyu aka gasa a kan akwatin nan, kuma har yau ana labarin naman a Bulumkutu. Duk wanda ya tambayi wa ya ƙera, sai Alhaji ya ce, "Ni na yi waldar. Baba Dzarma ne ya gaya mini abin da na ƙera."

Ita kuwa laffaya, a kan tsohuwar kabbasar nan mai baƙi aka turara ta, awa guda cur, ba wanda ya duba agogo. Da yammacin wushe-wushe Lubna ta fito daga ɗaki yafe da ita, sak uwarta shekara talatin da suka wuce. Alhaji yana tsaye a ƙofar gareji, sai ga hawaye.

Yakaka ta matso ta ce, "Injiniya, lafiya?"

Ya share ido da bayan bandeji ya ce, "Hayaƙi ne. Kuma ki daina kirana Injiniya."

Darasi: Sabon ilimi abu ne mai kyau, amma kada ya sa ka raina wanda ya tsufa a kan aiki, don abin da kai ka kalla a waya shi a jikinsa ya ji shi. Kafin ka ce za ka gyara abin da ka tarar ana yi, tambayi dalilin da ya sa ake yin sa haka. In kuma wanda ya raina ka ya dawo da kunya, ka karɓe shi kamar yadda Baba Dzarma ya yi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman injiniyoyin da ke gidajenku.