Wa Zai Wanke Iya Tasalla?

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da asibiti ɗaya ne tal a ƙasar hakimi guda. Sunanta Tasalla, nas ce. Ku saurara, jama'a. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, har da kai nake.

A asibitin nan akwai wani ɗaki can ƙurya, inda ake kwantar da matan da ba su da kowa: wadda aka tsinto a tasha, wadda dangi suka kawo suka sulale. Ma'aikata gudun ɗakin suke yi, ita kuwa shi ta zaɓa. In ta ga numfashin mace ya fara yin sama-sama, sai ta jiƙa auduga ta ɗiga mata ruwa a leɓe, ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta ce, "Sannu, ba ke kaɗai ba ce." In rai ya yi halinsa, ita ke wanka, ita ke sa likkafani. Haka ta yi ta yi har furfura ta cika mata kai. Ta yi ritaya, ta zauna a unguwa da jikarta Uwani, marainiyar da ta raina tun tana zanen goyo.

To, hali zanen dutse. A unguwar ma, in ta je dubiya ta ga alamar da ta sani, sai ta nemi ruwa da auduga. Bayan kwana biyu a ji an yi rasuwa. Kun san bakin mutane. Aka fara ƙus-ƙus, wai duk gidan da Iya Tasalla ta ɗiga ruwa sai an fitar da gawa. Daga ƙus-ƙus kalmar ta fito fili, aka ce mayya ce.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama ɗan maƙwabciyarta Ladidi, ya shiga jijjiga, idanu suka kakkafe. Iya ta taho da sauri, Uwani na biye da ita. Uban yaron ya tare ta a zaure.

Ya ce, "Iya, ba shiga, sai in tsallaka shi za ki yi. Ki sakar mana kurwarsa."

Yaran yanzu, ku fahimta. A jahilcin wancan lokaci, wadda ake zargi da maita ita ake sa ta tsallaka mara lafiya. In ta tsallaka kuwa, ta amsa laifi ke nan a gaban duniya.

Uwani ta riƙe mata gefen zane tana kuka. "Iya, don Allah mu koma gida. In kika tsallaka mun shiga uku."

Iya ta dubi uban yaron. "In na tsallaka za ku bar ni in taɓa shi?"

"Za mu bari."

Ta ce, "Sake ni, Uwani. Suna ba ya numfashi, yaron nan kuwa numfashinsa ke tafiya."

Ta shiga ta tsallaka, mata na leƙe ta kan katanga. Sannan ta durƙusa ta yaye bargunan da aka jibga masa, ta sa aka fitar da kaskon hayaƙi, ta kwantar da shi ta gefe, ta shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta yi masa allura. Kafin la'asar yaro ya buɗe ido ya nemi kunu.

Kuna tsammanin godiya aka yi mata? Cewa aka yi, "Kun gani ko? Ta saki." Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Daga ranar ba mai shiga gidanta ko ɗiban wuta. Ba ta taɓa ramawa ba. Sai wata rana tana yi wa Uwani kitso ta ce, "Abu ɗaya ke damuna, 'yar nan. Na wanke mata da yawa, ni wa zai wanke ni? Ke hannunki bai yi ƙwarin juya gawa ba."

Ku saurara da kyau. Wata ranar bazara da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Uwani ta bi gida-gida tana roƙon mai wanka. Wannan ta ce ba ta da tsarki, waccan ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ladidi kanta daga bayan labule ta ce kanta ke ciwo. Yarinya ta dawo da tsakar rana ta zauna a gaban gawa. Gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi.

Sai ta ji sallama.

Mata ne, lulluɓe da fararen mayafai, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya har tsakar gida ta cika. Ba ta san ko ɗaya ba. Ba wadda ta tambayi ina randa, ina ƙwarya, kai tsaye suka nufa. Ta gabansu ta sunkuya a kan gawar, ta jiƙa auduga ta taɓa leɓenta, ta ce, "Sannu, ba ke kaɗai ba ce." Sauran suka maimaita a hankali, murya ɗaya.

Uwani ta matso kusa da ita. Ta ce, "Inna, daga ina kuke?"

Matar ta ce, "Daga ɗakin ƙurya. Je ki kira liman."

Da liman ya iso da mutane, suka tarar da gawa a shirye cikin likkafani, ƙamshi ya cika gida, mata kuwa babu ko ɗaya. Ruwan wanka ya mayar da tsakar gidan taɓo, amma sawu ɗaya ne a cikinsa, na Uwani. Ladidi ta zo da kwanon sabulu a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ba sauran abin da za ta wanke.

Ni ban ce matattu na dawowa ba, kada wani ya fita ya ce malam ya ce. Allah ne Ya san rundunoninSa. Abin da na sani shi ne, wanda ya tsaya wa mara kowa, Allah ba Ya barinsa ba kowa. Kuma harshen da ya jefi baiwar Allah da maita zai tsaya gaban Ubangiji ya kawo shaida. A unguwarku akwai tsohuwar da kuka daina gaisarwa don an ce, an ce. Kowa ya san tasa. Ku je ku yi mata sallama yau, tun tana iya amsawa.