Furar da Élisée Ya Kasa Mayarwa

Akwai wani manomi a Sukukutane, sunansa Élisée. Mutum ne marar yawan magana, ko a majami'a bencin baya yake zama.

Tun bazara abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Tuwo ya gagara, ya koma kunu. Ya rame har matarsa Rachel ta rage masa ƙugun wando da allura.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, ya duba shi, ya ce wannan ba ciwon da ake ganewa da hannu ba ne.

"Akwai lokotoro, babban likita, da ke zuwa Dogon Dutsi daga Yamai jifa-jifa, da na'ura. Fibroskopi sunanta. Siririn tiyo ne mai fitila da kyamara a baki, a zura shi ta maƙogwaro, a ga cikinka a tele. Amma ka ji ni da kyau: daga jajibiri da dare kada komi ya shiga bakinka. Ko kunu. In da abinci a ciki, ba a ganin komi."

Élisée ya ce ya ji.

Ya bar Rachel da gona, ya shiga mota. A Dogon Dutsi ya sauka gidan surukarsa, Inna Abigail, domin in ya sauka wani gida zai zama abin magana. Bai gaya mata abin da ya kawo shi ba. Namiji ba ya zancen cikinsa da uwar matarsa. Ya ce saƙo ne ya kawo shi gari.

Da safe yana ɗaura takalmi, sai ya ji an dire ƙwarya a bakin ƙofa. Tsohuwar ta tsaya daga gefe, ba ta dube shi ba, ta kira shi da sunan ɗansa, kamar yadda aka saba.

"Uban Fidèle, ga hura. Da hannuna na daka. Na ga ka zama kamar kara. Rachel ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Inna."

"To sha. Nonon na safen nan ne."

Ta jawo kujera ta zauna a tsakar gida, tana tsince wake, inda za ta ga ƙwaryar in ta fito.

Élisée ya daɗe yana kallon furar. Ɗakin siminti ne, babu inda zai juye ta, kuma shi bai taɓa zubar da hatsi ba tun da aka haife shi. Mayar wa suruka ƙwaryarta cike kuwa, ko a mafarki bai ga an yi ba. Ya ce a ransa ai ruwa-ruwa ce, kafin a kira shi ta wuce. Ya sha a hankali, yana jira kowace kurɓa ta sauka.

A asibitin, ma'aikaciya ta tambaye shi ko wani abu ya shiga cikinsa yau. Ya dubi ƙasa, ya ce a'a.

Aka fesa masa magani a maƙogwaro, aka sa masa roba tsakanin haƙora, aka kwantar da shi ta gefen hagu. Tiyo ya shiga. A tele babu abin da ya fito sai fari, kamar hazo. Élisée ya fara yunƙurin amai, lokotoro ya zare tiyon da sauri.

"Baba, mi ka sha?"

"Hura."

"Ba a hana ka ba?"

"An hana ni. Surukata ta ba ni."

Lokotoron bai yi faɗa ba. Ya cire safar hannu, ya ce, "Da ta bi ta huhu, da wata magana muke yi yanzu. Layi na da tsawo, kuma motata na komawa Yamai da la'asar. Ka dawo zuwa na gaba. Kada ka ƙetare shi."

Zuwa na gaba ya faɗo tsakiyar noma, ciyawa na cin gero. Na bayansa ya faɗo kan girbi. Élisée ya ce bari hatsi ya shiga rumbu tukuna.

Da ya dawo, Rachel ce ta riƙo shi, domin ba ya iya hawa kabu-kabu shi kaɗai. Wannan karon cikinsa babu komai, dama ruwa ma da ƙyar yake wucewa.

Lokotoron ya daɗe yana kallon tele. Ya tsinko ɗan nama don a auna a Yamai, ya zare tiyon, ya zauna.

"Wancan zuwan, tiyo ya wuce har cikin tumbi," in ji shi. "Yau bai wuce ba. Wani tsiro ya tare hanya."

Sakamako ya zo, ciwon daji ne, kuma ya yaɗu, ya wuce a yi aiki. Élisée ya saurara, ya gyaɗa kai, ya tambayi Rachel ko motar Sukukutane ta tashi.

Bayan Nowel, wato Kirsimeti, da kaɗan aka binne shi.

Ranar zaman makoki, da mutane suka ragu, Rachel ta gaya wa uwarta abin da ya faru a wancan zuwan na farko. Ba da fushi ta faɗa ba.

Inna Abigail ta ce, "Ai da ya hwaɗa mini. Hura ce fa, Rachel. Da na ruhe ta da faifai, in ya dawo ya sha."

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a sa ta a gaban lafiya. In likita ya ce ka zo da ciki babu komai, ka faɗa wa mai masaukinka gaskiya, ko da surukarka ce, domin wanda ya ba ka abinci ranka yake so ya daɗe. Kada ka ɓoye wa ma'aikatan asibiti abin da ka ci, kuma in an ba ka rana, kada gona ta cinye ta. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, musamman masu mara lafiya a gida.