Jatau Majemi da Fatar Bijimin Hadari

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ku bar tsokanar juna."

"Ta zo, Iya, kunnenmu na wurinki."

A wani gari wai shi Kwarin Tsamiya, an yi wani majemi, sunansa Jatau. Hannunsa akwai albarka. Fatar da ta bushe ƙamas, in ta shiga majemarsa, sai ta fito da laushi har a goya jariri da ita. Matarsa Kande takan ce wari ne kaɗai aibinsa.

To, majeman garin suna da al'ada. Duk fatar da aka kawo sai an datse gefenta kafin a jiƙa, abin da aka datse kuwa na majemi ne. Ba sata ba ne, haka suka tarar. Hannun Jatau ya saba, ko yana hira wuƙa tana aikinta.

Ran nan da rani, da hantsi, sai ga wani baƙin bijimi, ƙahonsa na walƙiya. Ya ce, "Sallama dai, majemi. Ni ne Bijimin Hadari. Ni ke shimfiɗa fatata a sama, duk inda ta rufe, nan ruwa ke sauka. Ga shi ta yi tauri. Ka jeme mini kafin damina."

Ya tuɓe ta kamar riga, ya ajiye, ya rera:

"Jatau, Jatau majemi,
Jeme mini, kar ka rage mini,
Fatar nan ba tawa ce ni kaɗai ba."

Jatau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Bijimi na ba da baya, Jatau ya dubi gefen wuyan fatar, ya ce, "Ɗan wannan ai ba ragi ba ne, haƙƙin majemi ne." Ƙyat, ya datse. Ya ɗinka guga da shi. Gugan nan ko ba a zura shi a rijiya ba, cike yake da ruwa.

Damina ta zo. Ruwa ya sauka ko'ina, ban da wani ƙauye can nesa. Jatau ya ji labari, ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci tuwonsa.

Shekara ta kewayo, bijimi ya dawo, ya tuɓe, ya rera waƙarsa. Jatau ya ce, "An gama." Ya dubi gefen ƙafafu, ƙyat, ya datse. Ya ɗaura wa makaɗin gari ganga da shi. In aka buga ta, sai ka rantse tsawa ce. Sarki ya ji daɗi, ya ba Jatau riga.

Damina ta zo. Ruwa ya sauka ko'ina, ban da wancan ƙauye, ban da garin iyayen Kande. Kande ta je gaisuwa, ta dawo da kuka. Ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah. Baba ya yi shuka sau uku, ko ɗaya bai tsiro ba. Wuƙarka ce, ni na sani."

Jatau ya ce, "Na tuba, Kande. Na bari."

Kuma har zuciyarsa ya bari, wannan ne ke ba ni tausayi. Shekara ta uku bijimi ya zo, ya tuɓe, ya rera, ya tafi. Jatau ya shimfiɗa fata. Sai ga wani maƙwabci ya zo da hira. Ana hira, ana dariya, ana hira, ana dariya. Jatau ya sunkuyar da kai, sai ya ga gefen wutsiya a hannunsa. Hannu ya riga ya yanke bai shawarce shi ba.

Da ya kai wa Kande ta ɗinke, da shi ke nan. Amma kunya ta kama shi. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya rasa maɓoya. Sai ya babbake shi, ya dafa ganda, ya cinye tas, ya goge baki.

Damina ta zo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya zo bakin Kwarin Tsamiya, ya tsaya cak. Aka yi shuka, ta ƙone. Aka sake, ta ƙone. Aka sake, ta ƙone.

Sai ga bijimi ya sauko. Ya ce, "Majemi, fatata ba ta kai ba. Ina saura?"

Jatau ya ruga ya farke guga. Ya ruga ya roƙi makaɗi, aka kwance ganga. Kande ta zauna da basilla, ta ɗinke wuya, ta ɗinke ƙafafu. Shi ya sa har yau kuke ganin ruwa ya jiƙa wannan gona ya tsallake waccan, wurin ɗinkin Kande ne.

Bijimi ya juya fata, ya ce, "Ina gefen wutsiya?"

Kande ta dubi Jatau. Can ya ce, "Yana cikina."

Bijimi bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Wannan gefen shi ke rufe garinku. Sau uku ina gaya maka. Yanzu ba ni da abin da zan rufe ku da shi." Ya yafa fatarsa, ya hau sama.

Ruwa ya koma wa ƙauyen nesa, ya koma wa garin iyayen Kande. Kwarin Tsamiya kuwa ko ɗigo. Mutane suka fara tashi, gida ɗaya, gida biyu, har sarki ya bi. Kande ta yi haƙuri shekara guda, sannan ta ɗaure kayanta.

Ta ce, "Maigida, taso mu tafi. Baba zai ba ka gona."

Ya ce, "Da wane ido zan dubi mutane, Kande? Ruwan garinsu ne na cinye."

Yana faɗa, idonsa ya fara zuba, ruwan gandar nan ne ke neman hanya. Kande ta tsaya a bakin gari tana waige, har rana ta yi tsaka. Bai taso ba.

Ya zauna gindin bagaruwar da yake jima da 'ya'yanta, hawaye na zuba a saiwarta. Tsamiya ta bushe, rijiya ta ƙafe, bagaruwa kaɗai ta rayu. In kun ga bagaruwa tsaye shar a wurin da ba ruwa, to hawayen Jatau take sha.

Abin da aka ba ku amana, ku mayar da shi har gefensa. In kuwa hannu ya riga ku, ku faɗa tun ana iya ɗinkewa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa majema. Ku tashi, ku naɗe mini tabarma.