Hanyar Damisar Tunau

Ranar wata Laraba da hantsi, tun ƙasar nan tana daji, wani maharbi mai suna Tunau ya iso bakin wani kurmi mai idon ruwa. Ya tarar da damisa tana shan ruwa, ya ɗana kibiya, sai kuma ya sauke. Nan ya kafa bukka da matarsa Hakama.

Tunau na Hakama, mai karatun yashi, yana da wata ɗabi'a. Kullum da la'asar sai ya share bakin ruwa da tsintsiya, da safe ya dawo ya duba sawu. Ta haka ya san yawan gada da gyado, da na manyan biran nan da ake kira bika. Damisa kuwa biyu ne tak.

Mutane suka yi ta zuwa har wurin ya zama gari, aka zagaye shi da ganuwa, kurmin yana tsakiya. A cikinsa ake ɗibar ruwa, ake yin itace da sassaƙe. Aka naɗa Nomau, wan Tunau, mai gari.

Wata shekara damisa ta kashe awaki bakwai. Jama'a suka nemi a kawar da ita da mijinta.

Tunau ya ce, "Yaya, su biyun nan ne ke tsare mu daga bika ɗari. Ka bari na gina wa awaki shinge."

Nomau ya ce, "Kai dai tsintsiya ta cinye maka hankali. Gari nake riƙo, ba daji ba."

Aka haƙa ramuka, aka kashe damisar da mijinta, aka yi kiɗa.

Cikin damina huɗu bika suka cika kurmin. Suka fasa rumbuna, suka daina tsoron mutum. Wata rana da tsakar rana suka rutsa Hakama a bakin ruwa, ba ta kai yamma ba. Bayan an binne ta, Nomau ya ce a ƙone kurmin.

Tunau ya san in inuwa ta tafi, idon ruwan zai ƙafe, garin ya watse. Ya durƙusa gaban wansa, ƙasar kabari ba ta fita daga farcensa ba.

"Ka ba ni kwana arba'in."

"Matarka suka kashe, Tunau."

"Na sani. Ni na wanke jinin daga tulunta."

Ya rataye bakansa a ƙofar ɗaki, ya fita ta arewa hannu rabbana. Abin da ya wakana a dawa, ba wanda ya gani. A rana ta talatin da tara masu gadin ƙofa suka hango shi tafe yana jan ƙafa, hannunsa na hagu a tsage har kafaɗa. A bayansa damisa biyu, mace da namiji, suna bin ɗigon jininsa a hankali kamar tumaki. Gari ya yi tsit, kowa ya ja ƙyaure. Ya ratsa da su tsakiyar gidaje har bakin kurmi, suka shige, shi kuma ya zauna a gindin wani marke. Nomau ya iso, ya tallafi kansa.

"Yaya, kada a toshe inda muka biyo. In waɗannan sun tsufa, wasu za su shigo."

Tunau ya cika kafin azahar.

Ba a ƙone kurmin ba. Cikin shekara biyu bika suka ragu, suka koma kan duwatsu. Garin ya zama birni, amma daga ƙofar arewa zuwa kurmin akwai wani zirin fili mai faɗin taku ashirin, ana ce masa Hanyar Damisa. Ba a gini a kansa, ba a ɗaure dabba, ba a kasa kaya.