Zalɓe Yana Jiran Barmani

Dalilin da ya sa zalɓe yake tsayawa cak a cikin ruwa kamar an kafa turke, shi zan gaya muku, in har za ku iya zama wuri ɗaya. Ku dube shi can bayan garken kirinjijiya. Tun da muka iso bakin fadamar nan don kallon tsuntsaye, bai ɗaga daga wurin ba.

A da ba haka yake ba. Duk tsuntsayen fadama babu mai rawar kai irin zalɓe. Wuni yake yi yana fantsama ruwa, ya bi wannan kifi, ya bar shi ya bi wancan, da yamma ya koma da yunwarsa. Dinya ta yi masa faɗa har ta gaji ta sa masa ido. Amfanin yawon nan nasa ɗaya ne, babu inda ƙafarsa ba ta taka ba a ƙarƙashin ruwa, amma ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shafe gonaki da hanyoyi, ya ƙi janyewa har sanyi ya shigo. Garinmu ya zama tsibiri, ƙauyen da ke ƙetare ma haka. A lokacin ungozoma ɗaya ce ke karɓar haihuwa a garuruwan biyu, wata tsohuwa da ake kira Barmani. Akwai ta da faɗa, amma hannunta yana da albarka.

Ran nan da safe, ana sanyi mai shiga ƙashi, sai aka ji murya daga ƙetare. Wani manomi ne, Jatau, ya hau tudu yana ƙwala kira. Matarsa Kande tun jiya take naƙuda, ga shi haihuwar fari, ƙarfinta ya fara ƙarewa. Jiragen ruwa kuwa duk masunta sun tafi da su can ƙasan kogi.

Barmani ta ɗaura zani ta zo bakin ruwa. Ta san akwai tsohuwar hanya a ƙarƙashi, inda ruwan bai wuce ƙugu ba. Sai dai hanyar lanƙwashe-lanƙwashe ce, kuma dama da hagu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, kowanne zai haɗiye ƙato. Ruwan ga shi jajir, ba a ganin ƙasa.

Ta tambayi kirinjijiya, suka ce su a sama suke iyo, ba su san abin da ke ƙasa ba. Ta tambayi gauraka, ya ce shi bakin gaɓa yake tsayawa. Tana cikin haka sai ga zalɓe ya zo wucewa a guje, ya watsa mata ruwa a zani. Kowa ya zaci zagi zai sha.

Sai ta ce, "Ɗan nan, ka san inda hanya take?"

Ba a taɓa tambayarsa komai ba tun da yake. Ya ce, "Na sani, Inna. Biyo ni." Kafin ta ɗaga ƙafa ya kai tsakiyar fadama ya dawo.

Ta ce masa ita tsohuwa ce, ba ta iya wannan tsere. In taimako zai yi, ya kira danginsa, kowane ɗaya ya tsaya a kan lanƙwasa ɗaya, ita kuma ta riƙa nufar su bi da bi. Ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Amma kada wanda ya motsa sai na dawo. In ka gusa, rami zan nufa."

Zalɓe ya tara dangi suka jeru, shi kuma ya ɗauki lanƙwasar da ta fi muni, gab da babban rami. Ruwan yana cizon ƙafa don sanyi, har ya naɗe ɗaya ya cusa cikin gashin cikinsa, ya tsaya a kan ɗayar. Barmani ta shiga da sandarta, tana tafe tana rawar ɗari.

Ta kusa isowa gare shi ke nan sai ga wata karfasa mai ƙiba, irin kifin da ya shekara yana bi bai kama ba. Ta goga jikinta a ƙafarsa, ta matsa kaɗan ta tsaya a saman ramin. Taku biyu kawai zai yi. Ga yunwa tana cin sa, ga idon tsohuwa a kansa, duk inda ya taka can za ta nufa. Ya haɗiye yawu ya kafe. Barmani ta iso, ta dafa bayansa ta huta, ta wuce.

Kafin azahar aka ji guɗa ta ratso ruwa. Kande ta sauka lafiya, an sami namiji.

Barmani ba ta dawo ta hanyar nan ba. Sanyin ruwan ya kama mata ƙirji, ta kwanta a gidan Jatau, bayan suna da 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Jatau da kansa ya shiga ruwa ya sami zalɓe, ya yi masa godiya har da hawaye, ya ce ya je ya huta, an gama. Zalɓe ya ce shi dai Inna ta ce sai ta dawo. Allah bai bar shi da yunwa ba, tun daga ranar kifi ke zuwa har gabansa, sai dai ya sunkuya ya ɗauka.

Shi ya sa har yau, da ruwa ya malale fadama sanyi ya shigo, za ku ga zalɓe tsaye inda ba zurfi, ƙafa ɗaya a naɗe, yana duban ƙetare. Shi ya sa kuma mutanen garin nan ba sa jifansa, ba sa ɗana masa tarko. Jaririn nan na Kande shi ne kakan kakanninmu. In kun zo wuce zalɓe ku rage murya ku ce masa sannu da tsayuwa, don da ya bi kifin nan, da babu ko ɗayanku a bakin fadamar nan, har da ni mai ba ku labari.