Dalilin da Ya Sa Babba Yake Raba Nama Ya Tashi da Ƙashi

Dalilin da ya sa kuke ganin babba yana raba nama a walima, kowa ya zaɓi nasa, shi kuma ya tashi da ƙashi, ba wai manya ba sa son nama ba ne. Muna so. Ni dai ina so ƙwarai. Ku matso kusa, ku daina wannan dariyar. Zalunci aka yi wa gidanmu, kuma har yau ba wanda ya zo ya ba mu haƙuri.

A da, a garin Tudun Gawo, ba haka ake yi ba. In mutum ya kira walima, sai a shimfiɗa tabarmi tun daga ƙuryar zaure har bakin ƙofa, a can ƙurya kuma a ɗora buzu guda ɗaya tak. Wanda ya girmi kowa shi ke hawa buzun. Gabansa ake fara dire akushin nama, ya ɗebi abin da ransa ke so, ya tura wa na kusa da shi, shi ma ya tura, har a kai ƙofa. Cinyar rago ta mai buzu ce, ba a ma tambaya. Na bakin ƙofa kuwa sai dai su dangwali romo.

A zamanin ba wanda ya san shekarunsa. Abin da ka tuna shi ne girmanka. Akwai tsofaffi biyu, Baba Nomau da Baba Kallamu, da ba a taɓa walima ba su yi faɗa a kan buzun nan ba. Nomau ya ce ya tuna shekarar da fara ta cinye gero. Kallamu ya ce a shekarar shi har ya fara kiwon awaki. Haka za su yi ta yi, tuwo ya sandare, miya ta yi fata.

Ana nan sai ga kakana Barau ya sauka garin da tallan kwalli da turare. Mutum ne dogo, kyakkyawa, mai daɗin murya. In kuna son ganinsa ku dube ni, sai dai an ce na ɗan fi shi hanci. Bai kai arba'in ba, amma kansa da gemunsa fari fat, don mu a gidanmu furfura da wuri take zuwa.

Kwana uku yana bin gidaje. Duk tsohuwar da ta sayi kwalli sai ya ƙara mata kaɗan, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Iya, garin nan da can yaya yake?" Tsohuwa kuwa in ta sami mai saurare ba ta gajiya.

Rana ta huɗu Jatau maƙeri ya yi walimar saukar karatun ɗansa. Ya yanka wani rago da sai da mutum uku suka danne shi. Kakana ya ga cinyar nan da idonsa lokacin da ake fiɗa, ya ce a ransa in bai ci ta ba bai cika ɗan gidansu ba.

Bayan azahar zaure ya cika. Nomau da Kallamu suka tsaya a kan buzu suka fara abin da suka saba. Sai kakana ya shigo da sandar aro, yana tari, yana jan ƙafa.

Ya ce, "Yara, me ake wa gardama?"

Nomau ya waiwayo. "Wa kake kira yaro? Ni da na ga shekarar fara?"

"Fara? Ai jiya-jiya ce wannan. Ka tuna ranar da aka haƙa rijiyar kasuwa?"

Nomau ya ce, "Ubana ne ya haƙa ta, yana saurayi."

"Allah ya ji ƙan Mati! Ni na riƙe masa igiya. Da ƙasa ta rufto masa a ƙafar hagu, a bayana na goyo shi har gida, yana ta kiran uwarsa. Ba da ɗingishi ya yi ta tafiya har ya rasu ba?"

Nomau ya buɗe baki ya kasa rufewa, don lallai ubansa da ɗingishi ya mutu. Kallamu ya fara murna, sai kakana ya dafa kansa ya ce, "Kai kuma ɗana, ni na kai goron auren uwarka. Kana nan da halin nan naka na kuka in an taɓa maka ƙosai?"

Zaure ya kwashe da dariya. Jatau da kansa ya kama hannun kakana ya zaunar da shi a kan buzu. Aka zagaya da ruwan wanke hannu, aka dire akushi. Ga cinya a sama tana ƙyalli. Kakana ya naɗe hannun riga.

Sai aka ji gyaran murya daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Iya Tabawa ce, uwar Jatau, wadda ko ita ta manta yaushe haƙoranta suka ƙare. Ita ce shekaranjiya ta ba kakana labarin rijiya da na goron aure, a kan kwalli cikin ɗan cokali.

Ta ce, "Jatau, wane ne a kan buzu?"

"Baƙo ne, Iya. Shi ya goyi Mati daga rijiya."

"Ikon Allah! Ashe ubanmu ne ya dawo. Sannu Baba."

Kakana ya ce, "Yawwa, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Kun ji inda ya yi kuskure. Da ya yi shiru.

Ta ce, "To Baba, tunda duk wanda ke zauren nan ɗanka ne, ai ba za ka ci suna kallonka ba. Raba musu da hannunka mai albarka."

Jama'a suka ce wallahi gaskiya ne. Kakana bai damu ba, don mu ba a kama mu da wuri. Ya sa aka kawo faifai, ya kasa nama kashi-kashi daidai yawan mutane. Wani kashin tsoka biyu, wani hanji, wani ƙashin haƙarƙari da ko kare sai ya yi tunani. Cinya kuwa ya ajiye ta ita kaɗai kusa da gwiwarsa.

Tsohuwar nan ta leƙo ta ce, "Madalla da rabon uba. To a fara zaɓe daga ƙananan, na bakin ƙofa. Baba ya ɗauki abin da 'ya'yansa suka bari."

A bakin ƙofa akwai Cindo mai jaki, magidanci da 'ya'ya biyar, wanda tunda yake zuwa walima bai taɓa sa haƙori a tsoka ba. Ya miƙe, ya tsallake mutane, idonsa a kan cinya.

Kakana ya yar da sanda ya yi tsalle. "Ku tsaya! Jama'a, ƙarya nake yi! Ban kai arba'in ba! Furfurar gado ce! Ni ne ƙarami a nan, wurina bakin ƙofa, ni ya kamata in fara zaɓe!"

Nomau ya kama kafaɗarsa ta dama, Kallamu ya kama ta hagu. Tunda aka haife su ba su taɓa haɗa kai a kan komai ba sai ranar.

Nomau ya ce, "Haba Baba, zauna. Kai da ka goyi ubana?"

Kallamu ya ce, "Tsufa ne, ya fara mantuwa. A kawo masa kunu."

Suka danna shi a kan buzu. Cindo ya durƙusa, ya ɗauki cinya da hannu biyu, ya ce, "Na gode Baba, Allah ya ƙara nisan kwana." A gaban kakana ya zauna ya cinye ta, yana ci yana sa masa albarka. Da faifai ya zagayo, abin da ya rage shi ne ƙashin haƙarƙarin da kakana ya kasa da hannunsa.

Mutanen bakin ƙofa sun fi na ƙurya yawa, kuma sun ɗanɗana. Walima ta gaba suka ce rabon Baba Barau suke so, ba za a koma na da ba. Daga Tudun Gawo abin ya bi kasuwanni ya shiga ko'ina.

Shi ya sa har wa yau in an zo zama za ku ga dattawa suna ture juna, wannan ya ce "Bismillah, kai ne babba," wancan ya ce "Wane ni, hau dai." Ku kuna zaton ladabi ne. Ni na san abin da kowa ke gudu.

To, gobe akwai walima gidan Malam Hakilu, na kuma ga ragon. In muka shiga, kada wanda ya kuskura ya ce min Kawu. Duk wanda ya tambaye ku, ku ce tare muke zuwa makarantar allo.